Kundin digiri a zamanin ChatGPT

Duk wanda ya leƙa jami'o'inmu a yau ya san waya ta karɓe aikin littafi. A zauren WhatsApp na aji ake sanar da lacca, can ake tura takardun darasi, can ake jin an ɗage jarrabawa. Iyaye na kukan TikTok na cinye wa yara lokaci, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kundin kammala digiri.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibi kan rubuta masa taken bincikensa, kafin shayi ya huce babi ya fito cif, har da sunayen marubuta da shekaru. Sai dai manhajar kan ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta jingina shi ga malamin da kowa ya sani. Abin ya fi muni idan binciken na gida ne, kamar tarihin wata masarauta, ko waƙar baka, ko rini a Ƙofar Mata. Ilimin waɗannan yawancinsa bai hau intanet ba. Yana kan takarda a Gidan Arewa da ke Kaduna, yana ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, yana cikin tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, wani kuma yana bakin dattijon da ba wanda ya je ya zauna da shi. Inda manhajar ta rasa, sai ta yi shaci-faɗi, yaro ya kwafa, malami mai tulin kundaye a tebur ya sa hannu.

Ban ɗora wa ɗalibi laifin duka ba. Wanda ke lissafin kuɗin data, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, ina ya ga kuɗin motar zuwa Kaduna? Kuma wa ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tantance madogara?

Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora kundaye a rumbunta na intanet mai suna Kubanni. Sauran jami'o'i su bi sahu, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ba da kuɗin ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Ranar kare kundi kuwa, malamai su zaɓi madogara biyu daga jerin, su ce wa ɗalibi ya buɗe su a gabansu, ya nuna shafin da ya ɗauko maganar.