Toka a Goshi, Mudu Biyu a Shago

A shekarar 2025 azumi biyu suka haɗu a Birnin Kudu da Gwaram. Maƙwabtanmu Musulmi sun kama Ramadan ranar 1 ga Maris, mu Kiristoci muka shiga namu ranar 5 ga wata, Larabar Toka. Sai wasunmu suka shiga gardamar azumin wa ya fi wuya. Nan muka fara ɓata hanya.

Kwana 40 ne namu, ban da ranakun Lahadi, har zuwa Ista, don tunawa da kwana 40 da Yesu Almasihu ya yi a jeji. Tokar da ake shafa wa 'yan Katolika a goshi, daga ganyen dabinon Lahadin da ke gabanin Istar bara ake ƙona ta. Abin da muka ɗaga sama muna murna bara, shi ne tokar bana. Tunatarwa ce cewa daga ƙasa muka fito, can za mu koma. To, ina dalilin ɗaukar hotonta a baza a WhatsApp?

Ƙafa uku wannan lokaci yake da su kamar murhu: addu'a, azumi da sadaka. Mun riƙe ɗaya muna mamakin tukunya ta kife. Mutum ya bar nama ranar Juma'a, amma yana cin guminsa lebura da ya yi masa shara a gona. Wata ta bar shayi, amma mudunta biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Wani ya ba da bashin buhun dawa da bazara, zai karɓi biyu da kaka, yana sahun gaba a coci. Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya riga ya tsawata wa masu azumi suna danne ma'aikatansu.

Za a ce tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ce. Haka ne. Amma Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, bai tsaya ga kuka ba, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu.

Kafin Ista ta zo, mu biya leburan nan, mu fasa mudu na biyu, mu yafe ribar dawar. In ba haka ba, yunwa kawai muka sha, toka kuwa alwalar safe ma ba ta buƙata, gumi ya ishe ta.