Wa Zai Biya Wa Ɗan Talaka Kuɗin Ƙofa?

Ran Laraba da ta wuce wani dattijo daga cikin 'yan'uwanmu masu awon hatsi ya shigo ofis da baƙar leda a hammata, ya zauna, ya zazzage ta bisa teburina. Rasidai ne wajen ashirin, waɗansu har sun koɗe. Ya ce, "Malam akawu, kai ne ka yi boko. Na ji a rediyo wai gwamnati na ba 'ya'yan talakawa kuɗin karatu. Ga yarinyata ta gama sakandare, ga kuwa abin da na kashe. Ina zan kai a biya ni?" Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, babu inda za ka kai." Ya yi shiru, sa'an nan ya shiga tattara takardunsa ɗaya ɗaya, yana lallaɓa su kamar kuɗi.

Jama'a, amsar da na ba dattijon nan ita zan ba ku, domin na san da yawa cikinku kun ji sanarwar da ya ji, kun kuwa fahimce ta yadda ya fahimta. Abin da a ke shela a kansa rance ne, asusun da a ke kira NELFUND ke ba da shi. Ba ya zuwa hannun yaro sai ya riga ya sami gurbi a jami'a ko kwalejin gwamnati, makarantar ta aika da sunansa, yana da lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN. Watau rancen yana zaune can cikin gida, a ƙuryar ɗaki. Mu kuwa tun daga zaure a ke tatsarmu, kuma yawancin 'ya'yanmu a zauren nan su ke faɗuwa, ba su ko hangi tsakar gida ba.

Yaro ɗan ajin ƙarshe ba ya motsawa sai da kiredit biyar, har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO. Uban da ya san halin ƙasarsa ya kan biya duka biyu, don in ɗaya ta zube ɗaya ta tsaya. Gwamnatocin jihohi su kan yi ta buga ƙirji cewa su za su biya wa 'yan makarantunsu. To, ai mun gani. An riƙe sakamakon yara a Neja, an riƙe a Kano, an riƙe a Zamfara, saboda bashin da gwamnatoci su ka ci ba su biya ba. Yaro ya yi karatu, ya zauna jarrabawa, ya ci, amma takardarsa na kulle a akwati kamar kayan jingina, har lokacin neman jami'a ya wuce. Ban ji an riƙe albashin kwamishina ko ɗaya a kan wannan ba.

Sai batun suna. Tun 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, NIN. A makarantar firamare an rubuta shi Mamman, a sakandare Mohammed, a wajen katin ɗan ƙasa Muhammad, ranar haihuwa kuwa ko wane malami ya sa wadda ta zo masa a ka. Da can wannan ba kome ba ne. Yau inji ne ke dubawa, inji kuwa ba ya jin "ai shi ne." Sai uba ya rufe rumfa, ya tafi kotu rantsuwa, ya tafi gyaran suna, ya biya can ya biya nan, cinikin yini biyu ya tafi. Wannan asara ba ta da rasit, ba ta cikin ledar dattijon nan.

Yanzu mu zo kan babbar ƙofa. An kafa hukumar JAMB a 1978 don ta tsara shiga jami'a. A 2025 kuɗin rajista ya kama Naira 7,200, in da jarrabawar gwaji 8,700. Wani mai mota zai ce wannan ai ba kuɗi ba ne. To, ya tambayi mai sayar da barkono tiya nawa za ta auna kafin ta ga ribar dubu bakwai. Kuma sakamakon na shekara ɗaya ne tak. In yaro bai sami gurbi bana ba, ko da ya ci maki mai kyau, baɗi sai a sake biya daga farko, baɗin baɗaɗa ma haka. Tun 2015 kuwa jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta a ke yin ta. Ɗan mai hali ya tashi da ita a ɗakin kwanansa. Ɗan ƙauyenmu, wanda makarantarsa ko wuta ba ta da ita, ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora yatsa a kanta, agogo kuwa na tafiya. Sa'an nan a jera makinsu a ce wai an auna ƙwaƙwalwa.

A 2017 hukumar ta mayar da rarar Naira biliyan 7.8 baitulmalin gwamnatin tarayya, bayan ministar kuɗi ta lokacin ta ce a da abin da a ke mayarwa a shekara bai wuce miliyan 3 ba. Aka yi ta tafi. Ni ma na yaba, domin gara kuɗi su shiga baitulmali da su shiga cikin maciji, kamar Naira miliyan 36 da aka ce maciji ya haɗiye a ofishin hukumar na Makurdi a 2018. Amma bayan tafi sai tambaya: rarar nan daga aljihun wa ta fito? Hukumar jarrabawa ba kamfanin mai ba ce. In ta yi rara, to ta karɓi abin da ya fi aikinta, daga hannun masu awo da masu tireda da masu dako. Mun ji an soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, ashe ya zaga ne ya dawo ta kan 'ya'yanmu. Gaskiya an rage kuɗin fom daga 5,000 zuwa 3,500 tun jarrabawar 2019, amma kuɗin cibiya da na littafi da na banki sun bi ta gefe sun cike gurbin har sun wuce.

A 2025 yara wajen miliyan 1.9 su ka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye su ka yi kuka, aka ce 'ya'yansu ne ba sa karatu. Daga baya, a watan Mayu, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura da ya shafi yara 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Namiji ne, ya amsa laifi, abin da ba mu saba gani ba. Aka sake musu jarrabawa. Kuɗin motar zuwa karo na biyu kuwa iyaye su ka biya.

Wanda ya haye wannan, jami'ar da ya zaɓa za ta sake tantance shi. An ƙayyade kuɗin tantancewa kada ya wuce Naira 2,000, amma ba wanda ya ƙayyade kuɗin mota daga Gumel zuwa Zariya, balle tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023. In kuwa 'ya mace ce, kuɗin mutum biyu ne, don ba a sakin ta ita kaɗai. In Allah ya sa suna ya fito, makarantu da yawa sai sun karɓi wani kuɗi wanda ni dai na rasa sunan da zan ba shi sai "kuɗin na karɓa": ka nema, ka biya, an ba ka, sai ka sake biya don ka ce ka yarda. A kasuwa in mai saye ya yi tayi aka ce an sallama, ba a cajinsa kuɗin cewa to.

Duk wannan kafin rance ya san da zaman yaro.

Shi kansa rancen, bari mu buɗe shi mu gani. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta nuna irin sanin da masu mulki su ka yi mana. Ta ce sai gidan da samunsu bai kai Naira 500,000 a shekara ba, watau ƙasa da 42,000 a wata, sa'an nan yaron gidan nan ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su babban ma'aikaci mai mataki na 12, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko alƙali. Ina ɗan mai faskare zai samo alƙali? Da surutu ya yi yawa aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilu 2024, aka buɗe neman rance ran 24 ga Mayu. Sabuwar ta fi, ba zan ɓoye ba. Babu mai tsayawa, babu kuɗin ruwa, kuɗin makaranta ya tafi kai tsaye ga makaranta, aka kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata na ci. Biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Amma ni akawu ne, lissafi sana'ata ce. Naira 20,000 a wata, 667 ke nan a yini. Ku da ke sayar da abinci ku kun san cikin da za ta cika. Mu ɗauka, a misali, yaro ya ranci 150,000 na makaranta ko wace shekara, da kuɗin ci na wata goma, har shekara huɗu. Bashinsa ya kama Naira 1,400,000. In ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi, 70,000 da aka yanka a 2024, za a riƙa cire 7,000 a wata: wata 200, shekara goma sha shida da wata takwas. Wani ya ce mini kada in damu, darajar Naira za ta faɗi, bashin ya yi sauƙi. Madalla da gwamnatin da sassaucinta shi ne lalacewar kuɗinta!

Ku lura kuma da lokacin da abin ya zo. A shekarar 2023 ɗin nan da aka sa hannu a dokar, jami'o'in tarayya su ka yi ta ninka kuɗinsu, ta Legas da ta Bayero a Kano duk suna ciki. Hannun dama ya ɗaga kuɗi, hannun hagu ya miƙo rance, a ce mu yi godiya. Alhali sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya rubuta cewa gwamnati za ta ba da ilmin jami'a kyauta, sai dai aka maƙala masa "in ya yiwu," aka kuma hana kotu tilasta shi. Waɗanda ke ce mana yau ba zai yiwu ba, da yawansu da sukolashif su ka yi karatu, ana ba su abinci ana wanke musu riga. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci na yini ya sa ɗalibai su ka tashi a boren "Ali Must Go," aka kashe waɗansu a Legas da Zariya. Rance ma ba sabo ba ne: an kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, ta durƙushe, aka yi dokar bankin ilmi a 1993, shi ma bai tsinana kome ba. Amurka da su ke son kwaikwaya, mutum fiye da miliyan 40 gwamnati ke bi bashin karatu, jimlarsa ta wuce Dala tiriliyan 1.5, har masu furfura na ciki. Jamus kuwa zuwa 2014 duk jihohinta sun soke kuɗin karatun digiri na farko a jami'o'in gwamnati. Ban san abin da ya sa kullum malamin da ya fi tsada mu ke zaɓa ba.

Kada wani ya fita ya ce akawu ya hana cin rance. Wanda ɗansa ya shiga, hali ya gaza, ya nema. Ba ruwa a ciki, kuma ya fi yaro ya dawo gida. Amma ya riƙa bin sawu, domin a 2025 hukumar ICPC ta buɗe bincike bayan koke-koke cewa waɗansu makarantu sun karɓi kuɗin rance ba su gaya wa ɗalibai ba. Kuma iyaye, don Allah, kada ku bar mai shagon kwamfuta ya yi wa yaro rajista da layin wayarsa. Ku saya wa yaro layinsa, ku adana shi kamar takardar gida, don ta nan saƙon hukuma ke zuwa. Dattijon da na ba ku labari, mai shagon unguwarsu ya yi amfani da nasa layin, bayan an caje shi ninki, yanzu kuwa shagon ya tashi. Kada kuma ku ba kowa kuɗi wai zai sayo muku gurbi. Tun 2017 duk gurbin gaskiya ta tsarin JAMB da a ke kira CAPS ya ke fitowa, wanda ya shiga ta bayan gida ya kan gane kurensa ranar tafiya hidimar ƙasa. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na masu maki ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilmi. Wannan haƙƙin ɗanka ne in ya zaɓi jami'ar da ta dace, ba alfarmar wani honarabul ba.

Mu abin da mu ke nema a fili ya ke. Ɗan makarantar gwamnati ya zauna jarrabawar fita da ta JAMB ba tare da ubansa ya sayar da akuya ba, a biya daga rarar da a ke taƙama da ita. Sakamako ya yi aiki fiye da shekara guda. A kashe "kuɗin na karɓa." Jihohi su biya sukolashif a farkon zango, ba sai yaro ya gama ba, a kuma manna sunayen waɗanda aka ba a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, mu karanta mu ga 'ya'yan wa ye.

Ran Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zauna a ofishin reshe. Duk mai yaro a ajin ƙarshe, ko wanda nasa ya gama yana zaune, ya zo da rasidansa, ko sun koɗe. Za mu duba sunaye da ranakun haihuwa kyauta tun kafin a buɗe rajista, mu haɗa lissafin abin da ko wane gida ya kashe, mu kai wa ɗan majalisarmu hannu da hannu. Mata masu rumfa da ba za su iya tashi ba su aiko da yaran, ni zan zaga layin 'yan hatsi da na 'yan gwari ran Lahadi da safe da littafina.