Sharhi: Gasar Ƙera Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Da Nauyin Da Take Ɗora Wa Masu Farautar Kurakuran Manhaja

A ranar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024, da misalin ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ya aike wa abokan hulɗarsa wani ɗan ƙaramin fayil na sabunta manhajarsa. Bayan minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya riga ya gama. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 masu amfani da Windows ne suka tsaya cak suna nuna shuɗin allo. Filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna sun shiga ruɗani a ƙasashe da dama. Kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000, ya kuma ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500.

Da aka binciki musabbabin lamarin, sai aka tarar an tsara fayil ɗin ya duba gurabe 21 na bayanai, alhali manhajar da ke kan kwamfutocin 20 kacal take miƙawa. Da aka zo kan gurbi na 21, sai ta karanto wani wuri a ma'ajiyar kwamfuta da ba ta da hurumin taɓawa. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Da a wata manhaja ta yau da kullum aka yi wannan kuskure, da ita kaɗai za ta rufe, mai kwamfuta ya sake buɗe ta. Amma manhajar CrowdStrike tana aiki ne a cikin zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wadda masana ke kira kanel, kuma idan zuciya ta tsaya, jiki gaba ɗaya ya tsaya.

Mafi rinjayen kwamfutocin da abin ya shafa suna da ƙwaƙwalwa ce iri ɗaya, wato zubin x86 na kamfanonin Intel da AMD. Tambayar da ke gaban masana yanzu ita ce: yaya aikin gano irin wannan kuskure zai kasance a duniyar da ƙwaƙwalen kwamfuta ke ta rarrabuwa gida-gida?

Mene ne kanel, kuma me ya sa gyaransa ke da wuya?

Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi ke raba wa kowace manhaja lokacin aiki da wurin ajiya, shi ke magana da allo da kyamara da batir da layin sadarwa. WhatsApp ko manhajar banki ba sa taɓa kyamarar waya da kansu. Kanel suke roƙa ya taɓa musu.

Idan manhaja ta gari ta samu tangarɗa, injiniya kan dakatar da ita, ya leƙa cikinta da taimakon kanel. Idan kuwa kanel ne da kansa ya kamu, babu wani na ƙasa da shi da zai riƙe fitila. Dole a jona kwamfutar da ta lalace da wata lafiyayya ta hanyar waya, a yi amfani da kayan aiki irin su KGDB a Linux ko WinDbg a Windows, ko a jona wata na'ura kai tsaye a jikin ƙwaƙwalwar ta hanyar JTAG. Wani lokaci abin da ya rage wa mai bincike kawai shi ne hoton ma'ajiyar da kwamfutar ta bari a daidai lokacin da ta faɗi, ya zauna yana tsintar alamu kamar mai bin sawun ɓarawo bayan an yi ruwa. Akwai kuma kurakuran da ke ɓacewa da zarar an sa musu ido, domin rage saurin na'ura don a duba ta kan sauya yanayin da ke haifar da su.

Zuciya ɗaya, ƙwaƙwale barkatai

Kowane zubin ƙwaƙwalwa yana da harshen umarninsa da ɗabi'unsa. Lokacin da Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a birnin Helsinki a 1991, domin ƙwaƙwalwar Intel 386 kaɗai ya rubuta shi. A yau kanel ɗin Linux yana aiki a kan zubi kusan 20, layukan umarninsa sun kai kimanin miliyan 40, kuma shi ne ke cikin kowace wayar Android da dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya tun daga 2017.

Shekaru da dama kasuwa ta rabu gida biyu cikin lumana: x86 na riƙe da kwamfutocin tebur da manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, ARM na riƙe da wayoyin hannu. Wannan iyaka ta rushe. Amazon ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta Graviton mai zubin ARM a 2018. Apple ya fara barin Intel da fitowar M1 a watan Nuwamban 2020. A watan Yunin 2024 aka fara sayar da sababbin kwamfutocin Windows masu ƙwaƙwalwar Snapdragon X ta kamfanin Qualcomm.

Siyasa ma ta shigo. Zubin RISC-V, wanda aka faro a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 2010, kowa na iya amfani da shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, kuma ƙungiyar da ke kula da shi ta koma da rajistarta ƙasar Suwizalan a 2020. Tun da Amurka ta sanya wa Huawei takunkumi a 2019, ta kuma tsaurara dokokin sayar wa Sin ƙwaƙwalen zamani a watan Oktoban 2022, kamfanonin Sin suka ƙara rungumar RISC-V. Kamfanin Loongson ma ya ƙirƙiri nasa zubin mai suna LoongArch, wanda ya shiga kanel ɗin Linux a 2022. Kowane sabon zubi ƙarin 'yanci ne ga mai ƙera shi, kuma ƙarin nauyi ne ga masu kula da kanel.

Inda bambancin ke cizo

Babban tarkon da ya fi wahalar da injiniyoyi shi ne jerin yadda ake rubutu da karatu a ma'ajiya. Ƙwaƙwalwar zamani tana da ɓangarori da yawa masu aiki lokaci guda. A ɗauka cewa uwargida ta zuba tuwo a kwano, sannan ta yi kira a zo a ɗauka. A zubin x86, duk wanda ya ji kiran yana da tabbacin tuwon na cikin kwano. A zubin ARM da RISC-V da POWER na kamfanin IBM, ƙwaƙwalwar tana da izinin sauya jerin ayyukan domin sauri da tsimin wuta, don haka kira na iya isa kunne kafin tuwo ya isa kwano. Dole mai rubuta umarni ya sanya wani shinge na musamman da zai tilasta bin jeri. Idan ya manta, manhajar za ta iya yin shekaru tana aiki lafiya a kan Intel, sai ranar da aka ɗora ta a kan ARM ta riƙa faɗuwa jefi-jefi, ba tare da wata alama da za a kama ba.

Girman wannan matsala ya sa Apple ya sanya wa ƙwaƙwalensa na M wani yanayi na musamman da ke bin tsauraran dokokin x86 yayin da suke gudanar da tsofaffin manhajoji. Masu kula da Linux kuma suka shigar da rubutaccen tsarin dokokin ma'ajiya cikin kanel a 2018, sannan a 2020 suka ƙara kayan aikin KCSAN mai gano inda ɓangarori biyu ke rige-rigen taɓa wuri guda.

Akwai wasu bambance-bambancen. Manyan kwamfutocin IBM da bankunan duniya ke amfani da su suna jera lambobi a ma'ajiya daga babba zuwa ƙarami, x86 kuwa daga ƙarami zuwa babba. Na'urorin x86 sun saba raba ma'ajiya zuwa shafuka masu kilobait 4, na Apple kuma 16, kuma Android ta fara karɓar na 16 tun daga Android 15. Tsofaffin na'urori masu ƙarfin bit 32 da ke ƙirga lokaci da tsohon tsari, agogonsu zai cika ya juye a ranar 19 ga Janairun 2038; an gyara wannan a kanel ɗin Linux a 2020, amma na'urar da ba a sabunta ba tana nan da cutarta.

Wani lokaci ma laifin na ƙarfen ne, kanel ke biyan diyya. A watan Janairun 2018 aka bayyana ɓarakar Meltdown da Spectre. Meltdown ta fi shafar ƙwaƙwalen Intel da kaɗan daga na ARM da IBM, ba ta shafi na AMD ba, yayin da Spectre ta shafi kusan dukkan ƙwaƙwalen zamani. Tun da ba za a iya tattaro biliyoyin na'urori a sake ƙera su ba, sai masu kanel suka riƙa yi wa kowane zubi nasa facin daban, wasu facin kuma suka rage saurin na'urorin.

Wa zai ɗauki nauyin?

An samu ci gaba sosai a kayan aiki. Manhajar QEMU tana ba injiniya damar kwaikwayon ƙwaƙwalwar da ba ya da ita a hannu. Tsarin syzbot na kamfanin Google yana jefa wa kanel umarni barkatai dare da rana, kuma ya tono dubban kurakurai. Shirin KernelCI yana gwada sababbin sauye-sauye a kan na'urori iri-iri a ɗakunan gwaji daban-daban. Sai dai kwaikwayo ba ya nuna duk halayen ƙarfe na gaskiya, musamman waɗancan kurakurai na rige-rige, kuma gwaji ya fi yawa a kan zubin da manyan kamfanoni ke da riba a kai.

Ƙarancin mutane shi ne babban cikas. A 2018 an cire zubi takwas daga Linux a lokaci guda saboda babu masu amfani da su ko masu kula da su. A farkon 2024 aka cire Itanium, wanda Intel da HP suka taɓa yi wa kallon makomar manyan kwamfutoci. A 2023 aka sanar da rage wa'adin kula da nau'o'in kanel masu dogon zango daga shekara shida zuwa biyu, kuma gajiyar masu aikin na cikin dalilan da aka bayar. A watan Oktoban 2024 kuma aka cire wasu injiniyoyi masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassan kanel saboda dokokin takunkumi. Zubi na ƙaruwa, siyasa na raba kan masu aikin, ga kuma hannuwan da suka ƙware ba sa ƙaruwa daidai da buƙata.

Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka zaɓi rage yawan masu shiga kanel tun farko. Apple ya fara korar manhajojin waje daga kanel ɗin macOS tun 2019. Bayan abin da ya faru da CrowdStrike, Microsoft ya sanar da shirin ba kamfanonin tsaro damar aiki daga wajen kanel. Linux kuma ya buɗe ƙofa ga harshen rubuta manhaja na Rust a ƙarshen 2022, wanda ke hana wasu kurakuran ma'ajiya tun a wajen rubutu. Kowanne daga matakan nan yana da masu suka: kamfanonin tsaro na fargabar rasa ikon ganin ɓarayi a zurfin na'ura, wasu tsofaffin masu kula da Linux kuma suna ganin harshe na biyu ƙarin wahala ne.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar da ba ta wuce Amurka da Sin ba. Amma wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, daga Farm Centre a Kano zuwa Computer Village a Legas, kanel ɗin Linux ne ke tafiyar da su a kan ƙwaƙwalen ARM, galibi na kamfanonin MediaTek da Unisoc. Haka ma na'urorin POS masu Android da ake cire kuɗi da su a bakin titi. Idan aka gyara kuskure a babban kanel, facin sai ya bi ta hannun Google, da mai ƙera ƙwaƙwalwa, da mai haɗa waya, kafin ya iso hannun mai ita. A waya mai araha, wannan sarƙa kan tsinke da wuri, alhali a cikinta ne mutum ke ajiye asusun bankinsa. Google ya ɓullo da tsarin kanel na bai ɗaya tun daga Android 12 domin taƙaita sarƙar, amma tsofaffin wayoyi ba su ci gajiyarsa ba. Haka nan, dakatar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 ya shafi ɗimbin kwamfutocin gwanjo da ofisoshi da makarantunmu ke dogaro da su, waɗanda ƙwaƙwalensu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Akwai matakai uku da suka dace. Na farko, hukumomin da ke amincewa da shigo da wayoyi su sanya sharaɗin cewa kowane kamfani ya bayyana wa mai saye shekarun da zai ci gaba da aiko da facin tsaro. Na biyu, bankuna da ma'aikatun gwamnati su daina barin sabuntawa ta sauka a kan dukkan na'urorinsu lokaci guda. A gwada a kan kaɗan, a jira, sannan a faɗaɗa. Na uku, shirye-shiryen horar da matasa irin su 3MTT na gwamnatin tarayya da sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu su ware gurbi ga wannan fanni mai zurfi. Kanel ɗin Linux a buɗe yake ga kowa, QEMU kyauta ce, kuma ɗalibi a Zariya ko Sakkwato zai iya kwaikwayon ƙwaƙwalwar RISC-V a kan tsohuwar kwamfutarsa, ya gano kuskure, ya aike da gyara a duba.

Ƙasar da ke sayen kowace irin na'ura daga kowace kusurwa ta duniya ita ce ta fi kowa haɗuwa da kurakuran kowane zubi. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni rigakafin shi ne a samu mutanen gida da za su iya buɗe zuciyar na'ura su karanta abin da ke ciki ranar da allo ya yi shuɗi.