Kafin Ɗanmu Ya Karɓi Makullin Ɗakin Haya

Kowace shekara ikilisiyoyinmu na karkara suna sallamar matasa zuwa birni. Wani ya gama makaranta ya sami aiki a Kano, wata an tura ta bautar ƙasa Kaduna, wani kuma ya bi sana'a zuwa Mararaba ko Suleja a gefen Abuja. Akan yi musu addu'a, iyaye mata su ƙulla musu garin tuwo da daddawa da kuka, a raka su tasha. Batun ɗakin da za su kama kuwa, akan bar shi tsakanin yaro da dillali. Ga shi kuɗin haya shi ne kuɗi mafi yawa da matashi zai fara fitarwa a rayuwarsa, sau da yawa ma ba nasa ba ne. An sayar da akuya ko buhunan masara, ko kuwa zumuntar mata ce ta ba da rance.

Shawararmu ga matasa da iyayensu ita ce, kada kobo ya fita sai an ga ɗakin, an ga mai gidan, an kuma rubuta abin da aka shirya, a gaban wani babba namu.

Mu fara da dillali, gama a hannunsa yawancin kuka yake farawa. Akwai dillalai na kirki masu riƙon amana. Akwai kuma wanda zai nuna ɗaki ɗaya ga mutum uku, ya karɓi kafin alƙalami a wurin kowanne, ya kashe waya. Alamarsa ita ce gaggawa: "Wani yana zuwa da kuɗi da yamma, in ba ka biya yanzu ba ka rasa." Ɗana, bari ya wuce. Ka koma gidan kai kaɗai, ka gaisa da 'yan hayan da ke ciki, ka tambaye su sunan mai gida da wanda suke biya. In mai gidan yana nesa, ka nemi yin magana da shi, ya tabbatar da bakinsa cewa ya wakilta mai kula da gidan. In za ka tura kuɗi ta banki, sunan da ke kan asusun ya dace da sunan da ke kan takarda. Rasit kuma ya nuna adadin kuɗi, da ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare.

Kuɗin da aka faɗa maka da farko ba shi ne ƙarshe ba. A manyan biranenmu dillali yakan ɗauki la'ada, galibi kashi 10 cikin 100, mai rubuta yarjejeniya ma yakan nemi kamar haka, wasu masu gida kuma suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna. A ce ciki da falo naira 300,000 ne a shekara. Kafin ka shigar da katifa ka riga ka kashe 360,000, ban da kuɗin ajiya. Ka auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024, za ka ga albashin wata biyar ne da ɗoriya. Saboda haka muna ganin ba abin kunya ba ne samari biyu da suka san juna su haɗa ɗaki a shekarar farko, ko a fara da ɗaki ɗaya a gidan da ake haɗa bayan gida. Ka haɗa da kuɗin mota a lissafi. Ɗaki mai araha a bayan gari yakan cinye bambancin a hanya, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Wasu masu gida suna neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Jihar Legas ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya tun a dokarta ta 2011. Inda kake, ka roƙa a tsaya a shekara ɗaya, domin ba ka san gida ba sai ka yi damina da bazara a cikinsa.

Yarjejeniya a rubuce ba rashin yarda ba ce. Mun san wasu dattawa suna jin nauyin neman takarda a wurin mutum mai furfura, amma mai gida yana iya rasuwa, magada kuwa ba su san maganar baka ba. A rubuta wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai biya kwashe masai, ko an yarda ka yi fenti ko ka sa ƙofar ƙarfe, da yadda za a mayar da kuɗin ajiya. A duba maganar sanarwar tashi da kyau. Dokar karɓar gida daga ɗan haya, a Abuja da jihohi da dama, ta ba mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida, sannan a ƙara masa ta kwana bakwai kafin a je kotu. Sai dai wannan yana aiki ne in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu dabam ba. In ka sa hannu a kan wata ɗaya ba ka karanta ba, ka sayar da wata biyar da hannunka. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwano ko ya watsar da kayanka waje, wannan aikin kotu ne. Kai ma ka riƙe naka alkawari. Ka fara ajiye kuɗin shekara mai zuwa tun watan farko, ko ta adashe ne, kada wata na goma sha biyu ya same ka kana buga wa gida waya.

Sai wuta. Har yau mutane suna cewa NEPA, ko da yake ta zama PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013. Ka tambaya ko ɗakin yana da mitarsa mai kati, ko gida duka a mita ɗaya yake, ko kuwa kuɗin ƙiyasi ake kawowa. In mita ɗaya ce, ka ji yadda ake rabon kuɗin tun yanzu, gama mai ƙwan fitila ɗaya da mai firji da dutsen guga sun sha ɓatawa a kan wannan. Ka nemi ganin takardar biya ta ƙarshe, ka ɗauki hoton mitar ranar da ka shiga. Hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta bayyana cewa ba a ɗora wa sabon ɗan haya bashin wanda ya tashi, amma ya fi sauƙi mai gida ya share bashin kafin ka biya shi. Ka kuma tambayi rukunin layin unguwar: a watan Afrilu 2024 an kai kuɗin rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit, ya ninka na da har sau uku.

Ruwa ma haka. Famfo a bango ba ya nufin ruwa yana zuwa. Ka buɗe shi ka gani, ka tambayi matan gidan inda suke ɗiba a watan Maris da Afrilu, da nawa 'yan ga-ruwa suke sayar da jarka. In da rani ka je duba ɗaki, ka dubi gindin bango ko akwai shatin ruwa, ka ɗaga kai ka dubi silin, ka leƙa kwata ka ga inda take zuba.

Akwai abu ɗaya da muke roƙo kada a yi wasa da shi ko kaɗan. Kada a kunna janareta a cikin ɗaki, ko a baranda kusa da taga, ko a zaure a rufe ƙofa don tsoron ɓarayi. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari, mutum yakan yi barci ne kawai bai farka ba, ta kuma sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Tukunyar gas a rufe kanta bayan girki. Ranar da ka shiga, ka canja kwaɗo, domin ba ka san hannu nawa tsohon makulli ya bi ba. 'Ya'yanmu mata su ƙara lura da hasken layin da dare, da ƙarfen taga, da su wa ke zaune a gidan.

Game da unguwa, ba ma ɓoye wa juna cewa tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 mazauni ya rabu a waɗannan birane. Baƙo ya tambayi 'yan'uwa da suka daɗe a garin kafin ya zaɓa. In mai gida ya tambayi addininka, ka faɗa masa gaskiya tun farko, in bai so ba ka nemi wani. Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru a gidajen maƙwabtanmu Musulmi lafiya lau, abin da ya riƙe zaman kuwa shi ne gaisuwa, da sharar tsakar gida a ranar da ta zo kanka, da rage ƙarar rediyo, da zuwa barka da ta'aziyya. Ka je ka gai da mai unguwa a makon farko.

Ga dattawa kuma, muna roƙon kowace majalisar ikilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da ke zaune a Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Abuja, waɗanda za su yarda su raka sabon zuwa duba ɗaki, su kuma sa hannu a matsayin shaida. Inda muke da lauya ko ma'aikacin kotu, a nemi alfarmarsa ya riƙa karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. Sakatare ya ba matashi waɗannan sunaye tare da takardarsa ta sallama, tun kafin a kai shi tasha.