Wuƙar Tanto ta Zamani: A Zare Ta Kafin a Yabi Kubenta

Kwanan baya wani ɗanmu mai fatauci ya kawo wa Maigida tsarabar wuƙa ƙirar Japan, irin wadda suke kira tanto, wato wadda ruwanta bai kai santimita 30 da ɗoriya ba. Zaure ya kaure da yabo: kube baƙi ƙirin yana ɗaukar ido, ƙota naɗe da zare, ga ado mai ruwan zinariya. Da aka ce mu rubuta wasiƙar godiya, sai muka roƙi a bari mu zare ta tukuna, domin duk yabon ya tsaya ne a kan kube.

A wurin Japanawa ruwan wuƙa shi ne asali. Maƙerinsu na gargajiya yana aiki da ƙarfen tamahagane, wanda ake narkowa daga yashi mai tama da gawayi, kwana uku ana hura wuta dare da rana, kamar yadda ake yi har yau a Okuizumo ta lardin Shimane tun da aka farfaɗo da sana'ar a 1977. Yana ninke ƙarfen yana bugu sau 10 zuwa 15, har jikinsa ya fito da zane-zane irin na katako. Sannan ya shafe shi da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a wajen kaifi, ya gasa shi jawur, ya tsoma a ruwa. Kaifi ya taurara, baya ya rage da laushi don kada ya karye. Iyakar da ke tsakaninsu ita ce farin layin nan mai kama da gajimare da ake kira hamon. Na gaskiya a cikin ƙarfe yake, yana sauyawa idan aka karkata shi ga haske. Na jabu kuwa da burushin waya ko ruwan asid ake zana shi, kuma shaidarsa ita ce tuddansa duk kansu ɗaya, kamar haƙoran zarto. Ta Maigida haka take.

Akwai aibin da ba a yafewa: tsaga da ta ratsa kaifi, ko da siririya ce kamar gashi. Wannan dai ba mu same ta ba.

Sai kayan jikinta, inda ake yawan ruɗar mai saye. Abin dubawa na farko ƙaramin zobe ne a gindin ruwa, habaki, wanda shi ke riƙe wuƙa a bakin kube. Idan an mayar da ita aka girgiza aka ji ƙwas-ƙwas, aiki bai yi ba. Ƙotar asali ana lulluɓe ta da fatar wani kifin teku mai ƙurji-ƙurji, a naɗa zaren alharini ko na auduga tamau, yadda yatsa ba zai iya ture shi ba. Ɗan tsinken gora ne ke riƙe ta, kuma idan an cire shi ƙota za ta fita a ga wutsiyar ƙarfe, inda maƙeri ke sassaƙa sunansa, sau da yawa har da shekara. Tamu an danƙare ta da gam, fatar kuma roba ce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya san ɗinkin da aka ɓoye ya fi na fili faɗin gaskiyar mai aiki.

Ba mu ce kowa sai ya mallaki ƙirar Japan ta asali ba. Can sai mutum ya yi shekara 5 a ƙarƙashin maƙeri mai lasisi kafin hukuma ta ba shi izini, kuma ba ya wuce dogayen takuba 2 ko gajeru 3 a wata, don haka kuɗinta ba na kowa ba ne. Maƙeran Longquan a ƙasar Sin suna ƙera masu wannan siffa, wasunsu da hamon na gaskiya, a farashi mai sauƙi. Wannan ba laifi ba ne muddin an kira ta da sunanta. Abin da muke ƙi shi ne algus: a zana hamon, a ɗora sunan maƙerin da bai taɓa ganinta ba, a karɓi kuɗin ta asali a hannun wanda bai sani ba.

Mun rubuta wa ɗan namu godiya yadda ta kamata, domin zuciyarsa ɗaya ya saya. A ƙasan wasiƙar muka ƙara masa cewa in zai sake saye, ya ce wa mai kaya ya cire tsinken gora a gabansa. Wuƙar kuwa tana rataye a bangon zaure, cikin kubenta.