Agadas: Garin da hanya ke ciyarwa

Agadas na zaune ne a gindin duwatsun Abzin, hamadar Tenere a gabas, ƙasar Hausa a kudu. Daminarta ba ta isa ta nuna geron da zai ciyar da birni. Jarinta shi ne wurin da take: mai ƙetare Sahara ta wannan sashe sai ya yada zango a nan, ya cika salka, ya nemi ja-gora.

Shekara da shekaru, idan kaka ta yi, ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere, ya bi ta Fachi zuwa Bilma, ya komo da kantun gishiri da dabino. Daga nan a gangara Damagaram da Katsina da Kano, a sayar, a auni gero, a sayi turkuɗi. Rawanin da ake gane Ba'abzine da shi, marinan Kura ne suka rina. Albarkar wannan hanya ce ta jawo rundunar Askiya Muhammadu na Songhai a farkon ƙarni na 16, ita ce kuma ta ɗaga hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da ake alfahari da ita har yau.

Da jiragen ruwan Turawa suka janye ciniki zuwa bakin teku, garin ya yi sanyi. Baturen matafiyi Heinrich Barth ya iske kangaye da yawa a garin a 1850.

Yanzu motar Hilux ta gaji raƙumi, fasinja ya gaji gishiri. A 2015, bisa matsin Tarayyar Turai, gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, masu masauki da masu tuwo-tuwo suka rasa abin yi. Tafiyar kuwa ba ta tsaya ba. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'an tsaro ke gadi, suna bin ɓarauniyar hanya, mutane suna mutuwa da ƙishirwa. A 2017 an tsinci gawawwaki 44 kan hanyar Agadas zuwa Dirku, akasarinsu 'yan Gana da Najeriya.

Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023, amma sokewa kaɗai ba ta tsare ran matafiyi. Ya kamata mahukuntan Yamai su yi wa direbobi rajista, su gyara rijiyoyin da ke tsakanin Agadas da Dirku, su kafa tawagar ceto, su kuma hukunta duk wanda ya zubar da fasinja a cikin rairayi.