Kowace Ƙungiya Ta Ajiye Samfurin Wando

'Yan'uwa manoma, kowace shekara bayan girbi, kuɗin gyaɗa da masara ba ya daɗewa a hannunmu, kuma tufafi suna cikin abubuwan da ke cinye shi. A watan Disamba aiki yakan yi wa teloli yawa, kuɗin ɗinki ya hau, mai yadi ya yi ta zarya. A ganinmu akwai tufar da ba sai an kai wa tela ba, wato wando mai faɗi na ɗaurawa. Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta yanka samfurinsa a takarda ta ajiye domin membobinta.

Wannan wando ba ya bukatar zik, ko maɓalli, ko roba. Ƙyalle biyu ne masu girma ɗaya. A tsakiyar saman kowanne ana yanka lanƙwasa kamar harafin U, ita ce hantsa. Sai a haɗa su a ɗinke lanƙwasar kaɗai, a kalmashe gefuna, a sa igiyoyi huɗu a ƙugu. Wajen sawa, a ɗaura gaban a baya, a jawo sauran ta tsakanin ƙafafu a ɗaure a gaba, gefuna su hau kan juna kamar zane. Da yake ɗaurawa ake yi, yaro yana girma wandonsa na bin sa. Yadi uku sukan ishi babban mutum, ke nan atamfa mai yadi shida za ta ba da wando biyu.

Abin da ke hana yawancinmu ɗinki shi ne tsoron sa almakashi a sabon yadi. Maganin wannan tsoro shi ne samfuri. A sami wanda ya iya awo ya zana shi sau ɗaya a takardar buhun siminti, babba da matsakaici da na yara, ya bar rabin inci domin ɗinki. Daga nan sai shimfiɗawa, a bi da alli, a yanka. A wanke yadin auduga tukuna, gama yakan tsuke a wankin farko.

Wasu za su ce gefensa a buɗe yake, iska za ta ɗaga shi. Gaskiya ne, idan an yi rowar yadi. A bar faɗi sosai har gefe ya rufe gefe. Mai hawa keke ko mai aiki kusa da murhu kuwa ya rage tsawonsa, kada sarƙa ko wuta ta kama shi. Wasu kuma za su ce muna tare wa tela abinci. Babbar riga da kayan biki suna nan suna jiransa. Na yau da kullum muke magana.

Rani ya ba mu lokaci. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki ba za ta kasa sayen keken ɗinki mai ƙafa ba, wanda ba ruwansa da lantarki. Kafin a same shi ma, allura da zare sun isa. A taronku na gaba ku zaɓi mai riƙe samfurin, kowa ya zo da tsohon zane a fara koyo a kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.